Na Ce wa Kawuna "Tsaka-tsaki" Maimakon "Furi"

A shekarar da wannan abu ya faru, ni matashi ne wanda bai jima da kammala digirinsa a fannin harshen Hausa ba. Na gama hidimar ƙasa na dawo gida Gumel, ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta kafin Allah Ya kawo abin da ya fi. Ba ni da mata, ba ni da abin hawa, ba ni da wani abin tunƙaho a duniya in ban da harshena. Ina roƙon edita ya sakaya sunana kamar yadda ni ma zan sakaya na kowa, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma sun nuna mini karamcin da ban cancanta ba. Abin da nake son masu karatu su ji shi ne yadda wata 'yar gajeruwar kalma, wadda na ƙi furtawa saboda ina ganin ba ta kai darajar bakina ba, ta jefa ƙafar kawuna ta dama ƙarƙashin tayar mota.

A wancan lokaci na ɗauki kaina mai gadin Hausa. Garinmu kusa da iyaka yake, Ingilishi yana shigo mana ta kudu, Faransanci ta arewa, ni kuwa duk kalmar da na ji ƙamshin ɗayansu a jikinta sai in tsince ta in jefar, kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Idan mutum ya ce sitiyari, sai in ce linzami. Idan ɗan tsallake ya ce ɗansa ya tafi lakwal, sai in tambaye shi cikin ladabi ko makaranta yake nufi. Inda ban sami kalmar gado ba, sai in ƙirƙiri tawa, in yi ta amfani da ita ko da ni kaɗai ne na san ma'anarta. Kalmar da na fi ƙyama duka ita ce giya. A ganina abin kunya ne Musulmi ya buɗe baki ya ce ya sa giya, ko giyarsa ta lalace, duk da cewa kowa ya san ta mota yake nufi, ba ta kwalba ba. Mahaifiyata takan ce idan aka aike ni in kira mutum cin abinci, kafin in kai ƙarshen jimla tuwon ya huce. Kawuna kuwa ya raɗa mini suna Malam Ƙamus, ni kuma ina amsawa da jin daɗi, ban taɓa tsayawa na lura cewa kalmar ƙamus ɗin kanta baƙuwa ce da ta daɗe ta zama 'yar gida ba.

Wannan kawu nawa yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya tsaya a kan karatuna tun daga firamare har na gama. Dattijo ne mai raha, wanda bai yi boko ba amma yana son wanda ya yi. Sana'arsa cinikin shanu a kasuwar Maigatari. Yana da gona a wajajen Gagarawa, yana kuma da 'yan shanu da ya bayar kiwo a hannun wani amininsa Bafulatani a wata ruga da ke bayan Ɗanzomo. Duk wannan zirga-zirga da mota ɗaya yake yin ta, wata tsohuwar jif mai jan taya huɗu, wadda ba ta tsoron yashi ko taɓo. Motar otomatik ce, kuma da gangan ya zaɓe ta haka, domin gwiwarsa ta hagu ta daɗe tana ciwo, ba ya iya taka kuloci. Da ƙafar dama kaɗai yake tuƙi, ita ce a kan totur, ita ce a kan birki. Yakan daki cinyarsa ta dama ya ce wannan ita ce ke ciyar da gidansa, ta hagun 'yar rakiya ce kawai.

Wata safiya a tsakiyar damina, Kawu ya shiga mota zai fita sai sandar giya ta saki. Tana tafiya gaba da baya ba tare da ta kama komai ba, kamar muciya a tukunyar da aka kwashe tuwo. Ga wanda bai saba da irin wannan mota ba, sandar tana da matsayai a jere: fakin, inda mota ke kulle kanta ba ta motsi; ribas, na komawa baya; furi, inda tayoyi ke juyawa a sake ba abin da ke riƙe su; sai na tafiya gaba. Makaniken da ya saba duba motar ya yi tafiya mai nisa. Wanda aka kira a madadinsa ya faɗi gaskiya cewa bai saba da otomatik ba, yana jin sai an sauke giyabos ɗin an buɗe. Da Kawu ya ji maganar saukewa sai ransa ya ɓaci, domin ya ce motar da aka buɗe wa ciki ba ta komawa yadda take. Ni kuma ina tsaye a gefe, sai na ji wani abu yana tunzura ni. Mutumin nan ya yi mini komai, ni ban taɓa yi masa wani abu da za a nuna ba. Na roƙe shi ya ba ni yini guda in gwada.

Na zauna da wayata na kalli hotunan bidiyo na masu irin wannan gyara har na fahimci yadda abin yake. Sandar da direba ke riƙewa ba ita ke taɓa giya kai tsaye ba. Akwai wani kebul da ya taso daga gindinta ya bi ta ƙasan mota ya je ya maƙale a wani ɗan hannu na ƙarfe da ke gefen giyabos, kuma abin da ke riƙe bakin kebul ɗin a wurin wata 'yar roba ce mai huda, wadda ake kira bushin. Na sa duwatsu a gaba da bayan tayoyi, na shimfiɗa buhu, na kutsa ƙarƙashin motar. Abin da na gani a bidiyo shi na tarar. Robar ta bushe ta farfashe kamar ƙuli-ƙuli, kebul ɗin ya zame yana reto. Na zaga shagunan kayan mota na cikin gari ban sami irinta ba, sai na ba wani direban Kano sallahu ya nemo mana. Kafin ta iso, na yanko guntun tiyo mai kauri, na daidaita shi da wuƙa, na cusa a bakin kebul, na mayar da shi kan ɗan hannun, na ɗaure da waya na murɗe da filaya. Da na fito na tayar da motar, sai ta shiga ribas, ta shiga gaba, ta dawo fakin. Ban taɓa jin alfahari irin na wannan rana ba, ko ranar da aka miƙa mini takardar digiri.

Amma ni mutum ne mai bin diddigi, kuma wannan shi ya ƙara wa laifina nauyi, domin ban jahilci abin da ya biyo baya ba. Na yi ta gwada sandar ina komawa ƙarƙashi ina dubawa, sai na gano cewa tiyon yana da laushi fiye da robar asali. Idan aka tura sandar da ƙarfi har ƙarshe, giya na shiga fakin sosai. Idan kuwa aka tura ta a hankali, irin turin mutumin da hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri, sandar takan zauna a fakin a sama, amma a ƙasa ɗan hannun ya tsaya bai ƙarasa ba, haƙorin da ke kulle mota bai faɗa gurbinsa ba. Direba zai kashe mota ya zare makulli ya fita yana ganin ta kulle, alhali a sake take. Fitilar da ke gaban direba, mai nuna harafin matsayin da giya take ciki, ta daɗe da mutuwa. Birkin hannu kuwa, wanda kowa ke kira hambirki, Kawu bai taɓa ja ba tun da ya sayi motar, yakan ce wannan aikin masu kuloci ne. Na ga duk wannan da idona. Na san motar za ta iya yi wa mai ita ƙarya. Abin da ya rage kawai shi ne in faɗa masa.

Bayan sallar la'asar na same shi a ƙofar gida, zaune a kan tabarma tare da abokan hirarsa, har da limamin unguwa a cikinsu. Labarin gyaran ya riga ni isa, ana ta sa mini albarka, wani na cewa ashe boko na da rana, wani na cewa a buɗe mini gareji. Na durƙusa na miƙa makulli. Jimlar da ta kamata in faɗa tana kan harshena, a shirye, amma akwai giya a cikinta, akwai furi, akwai hambirki, ga liman yana kallona, ga dattawa suna jiran su ji yadda mai digirin Hausa zai yi bayani. Sai na gyara murya na ce:

"Kawu, an yi nasara, amma da sauran magana. Wani lokaci sandar za ta isa matsaya, alhali ma'ajiyar haƙoran tana tsaka-tsaki. Saboda haka duk inda aka tsaya, sai a sa mata dabaibayi."

Ma'ajiyar haƙora ita ce sunan da na ba giyabos. Tsaka-tsaki shi ne furi a wurina. Dabaibayi kuwa, igiyar da ake ɗaure ƙafafun dabba don kada ta yi nisa, shi na ara na laƙaba wa hambirki, kuma a lokacin har ina yaba wa kaina da wannan azanci. Kawu ya dube ni ya yi dariya har yana riƙe gemu.

"Tsaka-tsaki? Ai ni ma tsaka-tsakin nake, Malam Ƙamus, ga shi kuwa kullum ina kasuwa."

Wurin ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce in dai dabaibayi ne, Alhaji, wato Kawu, ba ya rasa igiya, sai dai a nemo turken da zai riƙe jif. Liman ya yi murmushi ya ce Allah Ya ƙara basira. A nan take na gane abin da Kawu ya ji. Ya ɗauka ina nufin gyaran bai kai na gwani ba kuma bai lalace ba, matsakaici ne, a yi ta lallaɓawa. Na gane, kuma wannan ne abin da har yau ban iya yafe wa kaina ba. Amma dariyar ta yi mini daɗi, ta yabo ce, kuma ban so in rushe ta da kalmomin 'yan tasha. Na ce a raina zan same shi shi kaɗai in ƙara bayani. Da na shiga gida mahaifiyata ta tambaye ni ko motar yayanta ta gyaru da gaske, na ce ta gyaru, akwai ɗan abin kiyayewa amma na sanar da shi. Ta dube ni ta tambaya ko ya ji, na ce ya ji. Washegari ya yi sammako ya fita, jibi kuma ni na makara, sai na fara gaya wa kaina cewa ai robar na gab da isowa, kuma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ina mota za ta gangara.

Ban tuna da tafkin da ke bakin rugar amininsa ba. A wurin akwai ɗan tudu mai ƙasa tauri wanda ya gangara zuwa ruwa, kuma a kansa Kawu ya saba tsayawa.

Wata rana ina cikin aji da hantsi wayata ta yi ƙara. Lambar Kawu ce, amma muryar ta amininsa ce, wanda nake kira Baffa. Bai yi doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce Alhaji ya kawo wa shanu dusa da kanwa, ya tsaya a kan tudu ya kashe mota, ya zaga baya yana jawo buhu, sai motar ta biyo shi. Ya faɗi, tayar baya ta hau ƙwaurinsa na dama, kuma da ba don wani kututture da ya tare motar ba, da ta bi ta kansa gaba ɗaya. Yanzu tayar na zaune a kan ƙafar. Mazan rugar sun fita kiwo, shi da ƙaninsa da mata sun yi ƙoƙarin ɗagawa sun kasa. Ya kawo bijiman huɗarsa ya ɗaura igiya a gaban motar, amma Alhaji ya hana a ja. Alhaji ya rantse cewa da hannunsa ya sa ta a fakin, santsin ƙasa ne ya zame da ita, kuma motar da ke fakin idan aka ja ta tayoyinta ba sa juyawa, sai dai su kirɓe abin da ke ƙarƙashinsu. Ya ce a kira ni, tunda ni na taɓa ta. Ina jin nishin Kawu a bayan muryar Baffa, yana ta salati.

Tambayar Baffa ɗaya ce: idan shanu suka ja, tayar za ta mirgina ta sauka, ko za ta niƙe ƙafar? Na fita daga aji ban san na fita ba. Zuciyata ta san amsar, amma tsoro ya kama ni, domin idan na yi kuskure, da bakina za a ƙarasa ƙafar. Na roƙe shi ya dubi sawun da motar ta bari a kan tudun, ya gaya mini ko ƙasar a goge take kamar an ja buhu, ko kuwa zanen taya ya fito. Ina jin takunsa, sannan ya ce zanen ya fito ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama har ƙasa.

"Baffa, tana furi. Wallahi tana furi. Ku ja ta."

"Furi irin na babur?"

"Irin na babur, Baffa."

Bai ƙara tambayata komai ba. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, wanda Hausar ma a gidansa harshe na biyu ce, ya fahimci kalmar nan take. Na ji ya gaya wa Kawu, sannan na ji Baffa yana kiran bijiman da sunayensu, igiya ta yi ƙara, Kawu ya saki wata irin murya da ban taɓa zaton tana cikin ƙirjinsa ba, sai wayar ta katse. Na tsaya a tsakiyar filin makaranta da waya a kunne, ina ta kira ba a ɗauka. A wannan tsayuwar ce na ji kalmar tana amsa-kuwa a kaina, gajeruwa, mai sauƙi, wadda da na faɗe ta a kan tabarma da ba a kai ga wannan ba.

Tayar ta mirgina ta sauka, alhamdu lillahi. Suka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya, aka sami motar haya daga Sule Tankarkar ta kawo shi asibiti. Da labari ya iso mini, na riga su isa. Da aka sauko da shi na ga ƙafar a naɗe da rawanin Baffa, sai na kau da kai. Likita ya ce ƙasusuwan ƙwaurin sun karye, amma ba karayar ce ta fi damunsa ba. Nauyin motar ya daɗe a kan jijiyoyi, tafin ƙafar ya yi sanyi, kuma idan jini bai dawo yana zagayawa ba, za a kai ga maganar da ba wanda yake son ji. Bai furta kalmar yankewa ba, amma kowa ya ji ta. Aka yi aiki aka sa ƙarafa, sannan aka shiga jira. Kowace safiya likita yakan zo ya taɓa tafin ƙafar, ya danna farcen babban yatsa ya saki, ya tsaya yana kallon ko ja zai dawo. Ni ma ina tsaye a bayansa ina kallon wannan farce, kamar duk rayuwata a kansa take.

Ba wanda ya zarge ni, kuma wannan ya fi zargi ciwo. Iyalin Kawu suna cewa ƙaddara ce. Mahaifiyata takan ajiye mini abinci ta ɗauke shi yadda ta ajiye, kuma ba ta ƙara yi mini ba'ar tuwo mai hucewa ba. Wata rana dattijon nan da ya yi raha a kan turke ya zo dubiya, ya ce a gaban mutane ai yaron nan ya yi gargaɗi, su ne suka mayar da maganar wasa, ya dafa kafaɗata ya ce in daina damuwa, na sauke nauyin da ke kaina. Mutane suka gyaɗa kai. Da na so, da na fake a bayan wannan magana har ƙarshen rayuwata, domin a zahiri gaskiya ce, na yi gargaɗi, da shaidu. Amma ni na san cewa abin da na yi a kan tabarmar nan ba gargaɗi ba ne, baje koli ne.

Ranar da farcen ya yi fari sannan ja ya dawo masa a hankali, likita ya yi hamdala ya ce ƙafar ta tsira. Da mutane suka ragu a ɗakin, Kawu ya yafito ni da hannu. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, amma idonsa na nan yadda na san shi. Ya ce tun da ya kwanta yake juya wata magana a ransa, yana so in maimaita masa abin da na faɗa ranar da na miƙa masa makulli. Na sunkuyar da kai na fara maimaitawa kalma bayan kalma, matsaya da ma'ajiyar haƙora da sauransu. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"A'a, ɗan nan. Faɗa mini da Hausa."

Na ɗago kai. Na ce masa giyar tana iya zama a furi ko da ya sa fakin, ya riƙa jan hambirki. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

"To, ka ga wannan na ji."

Bai ƙara komai a kai ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba. Da na fara neman gafara sai ya ce in miƙo masa ruwa. Shekarun da na yi ina nazarin harshe ba su koya mini abin da wannan gajeren umarni nasa ya koya mini ba. Mutumin da aka haifa cikin Hausa, ya yi ciniki da ita, ya yi addu'a da ita, ya tsufa a cikinta, shi ne ya saurari maganata bai ji Hausa a ciki ba.

Ƙafar ta warke, amma ba ta koma yadda take ba. Ta ɗan gajarta, idon sawun ya sandare, ba ya lanƙwasuwa yadda zai iya sauya taki tsakanin totur da birki. Kawu yana tafiya da sanda, kuma bai sake tuƙi ba. Robar da aka yi sallahu ta iso yana asibiti. Direban ya miƙo mini ita a 'yar leda, ba ta fi ƙwallon dabino girma ba. Na daɗe ina juya ta a tafin hannuna. Da makaniken Kawu ya dawo muka sa ta tare, muka daidaita kebul ɗin, muka gyara hambirki da fitilar harafi, kuma a wannan rana duk abin da ya kira da sunansa, da wannan sunan na kira shi.

Ban daina son Hausa ba, kuma ban daina ganin cewa ya kamata a raya kalmominmu na gado ba. Abin da na daina shi ne ɗaukar harshe a matsayin riga ta ado. Na fahimci cewa magana amana ce da ake ɗauka daga baki zuwa kunne, kuma idan ba ta isa ba, mai maganar bai sauke ta ba, komai kyan jimlarsa. Ga 'yan'uwana matasa masu kallon bidiyo su kutsa ƙarƙashin mota, ban ce kada ku koya ba. Amma ku sani cewa gyaran wucin gadi a kan giya ko birki ba abin da za a miƙa wa wani ba ne a juya baya. Idan kayan gyaran bai iso ba, ku riƙe makullin, ko da za a ji haushinku. Idan kuma dole ne a hau, ku faɗi haɗarin da kalmar da mai hawan yake amfani da ita, ku kai shi gaban motar ku nuna masa, ku sa ya maimaita muku da bakinsa. Idan kuka yi gargaɗi aka yi dariya, to ba a ji ba, ku sake faɗa. Ga masu otomatik kuma, ku ja hambirki duk inda kuka tsaya, kada ku tsaya a bayan mota a kan gangara kuna dogaro da harafi. Ga masu ilimi irina, waɗanda ke jin nauyin wasu kalmomi a gaban manya, ina roƙonku ku auna wannan nauyi da nauyin mota a kan ƙashin mutum.

Yanzu ni nake tuƙa Kawu duk ranar da ba ni da aji, zuwa Maigatari, zuwa gona, zuwa rugar Baffa. Bai daina kirana Malam Ƙamus ba. Duk inda muka tsaya ba ya taɓa ƙofa sai ya juyo ya tambaye ni yaya take, ni kuma in amsa da ƙarfi yadda ko na waje zai ji, in ce giya na fakin, na ja hambirki. Sai ya ce madalla. Sannan ya buɗe ƙofa ya fara saukar da sandarsa, ya bi da ƙafar hagu, 'yar rakiyar da yanzu ita ke ɗauke da shi, sannan ya sa hannu biyu ya ɗago ta daman ya ajiye ta a ƙasa a hankali. Ina zaune ina kallo, kowane lokaci, har ya gama.